In'inar Safe a Tasharmu

Duk wanda ya kunna rediyo a Talata Mafara ya ji muryar ƙaramar tasharmu tana fita tas, ba ƙugi ba tsinkewa, to aikin hannuna yake ji. Na faɗa, kuma ba zan nemi afuwar kowa ba. Mutanenmu sun fi son ka yi aiki ka sunkuyar da kai ka ce ai ba komai. Da komai, wallahi! Ni na ja kowace waya a ginin nan, ni na matse kan kowace da hannuna, har yatsuna suka yi kanta. Amma akwai lokacin da aikin nan ya kusa kifewa, kuma da ya kife ba ni kaɗai zai danne ba, har da kawuna.

Kawu wan mahaifiyata ne. Dangin uwata makiyaya ne, rugarsu tana can gaba da Gidan Goga, a ƙasar Maradun. Abin da ya sami mutanen wannan yanki shi ya same shi. Wata rana da rana tsaka sai ga shi a bayan babur ɗin haya a ƙofar gidana, da sandarsa da tabarma a naɗe, babu saniya ko ɗaya a bayansa. Matarsa ta riga ta rasu tun kafin abin ya ɓaci, 'ya'yansa kuwa kowa ya kama gabansa. Bai ba ni labarin abin da ya faru ba, ni ma ban tambaya ba. Na shimfiɗa masa a ɗakin yara, ya ƙi. Wai shi ya kwana a gidan ɗan ƙanwarsa, yana haɗa ido da suruka safe da yamma? Kunya ba ta bar shi ba. Sai ya koma kwana a barandar masallacin unguwa, ni kuma kullum na wuce na gan shi sai in ji kamar an mare ni.

A bakin ƙofar tasharmu akwai wani ɗan ɗaki da ba kowa a ciki tun da tsohon mai gadi ya koma garinsu. Na je na sami Manaja. Manajanmu mutum ne mai gaskiya, amma magana ɗaya yake yi, kuma fuskarsa ba ta san wasa ba. Ga shi kuma zamanin da duk wanda ya fito daga daji da sanda a kafaɗa sai an yi masa kallo biyu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ban san shi ba, kai na sani. Ya zauna, ya yi gadi, ya yi shara. Muddin kana nan, yana nan. Ran da ka bar tashar nan, ka tafi da mutuminka." Na ce na ji, na gode. A ranar Kawu ya shiga ɗakin, ya share shi har sau biyu kafin ya shimfiɗa tabarmarsa.

Wannan ya zo daidai da lokacin da mai tashar ya sayo sababbin kaya. Tsohuwar miksarmu, na'urar da ke haɗa muryoyi kafin su fita a iska, ta tsufa har ta gaji da kanta. Bayanta wayoyi ne cunkus kamar taliya, ɓeraye sun ci rabi, in an tayar da janareto kuma sai ta kama ƙugi har mai sauraro ya ɗauka jirgi ne. Da kayan suka iso, Manaja ya ce za a kira wani daga Kaduna ya haɗa. Nan take raina ya ɓaci. Na ce, "Haba, Yallaɓai! Ni ma ai a Kadunan na yi shekaru ina haɗa irinsu. Don na dawo gida sai ilimin ya tsaya a tashar mota?" Ya dube ni ya ce to, in haɗa, amma in ya lalace a wuyana.

Bari in yi bayanin kayan a taƙaice, don wanda bai san su ba ya bi ni. A tsohon tsari, kowane makirfo da wayarsa har cikin miksa. A sabon kuwa, sauti yana zama saƙon kwamfuta, ya bi irin shuɗiyar wayar nan da ake haɗa kwamfutoci da ita. Waya ɗaya sai ta ɗauki muryoyi da yawa. Teburin da ma'aikaci yake zama a gabansa yana tura maɓallai sama da ƙasa, babu sauti ko ɗigo a cikinsa. Sitiyari ne kawai, injin yana can wani ɗaki, suna magana ta waya. Duk wayoyin kuma suna haɗuwa a cikin wani akwati mai bakuna a jere, muna ce da shi suwic, shi yake karɓar saƙo ya miƙa wa mai shi. Kuma dole dukkan na'urorin su bi agogo guda, kamar yadda sahu ke bin liman. In wata ta yi gaba ko ta yi baya ko da ƙiftawar ido ne, za ka ji a kunnenka.

Suwic ɗin da aka sayo mana irin mara wayon nan ne, wanda ba a saita shi, abin da aka ba shi kawai yake turawa. Na ce wannan a bar wa sauti shi kaɗai, a sayo wani daban don kwamfutocin ɗakin labarai. Manaja ya leƙa ya ƙirga bakunan da ido, ya ce, "Ga bakuna nan fiye da rabi a buɗe, ka ce a sayo wani? Almubazzaranci ke nan." Na yi bayani, na sake yi, har muryata ta fara tashi. Ya ce ya gama magana. Na fita ina huci, na ja wayoyi biyu daga suwic ɗin zuwa bangon ɗakin labarai, na sa musu soket biyu gefe da gefe. Na yi aikin da kyau, domin ban iya mummunan aiki ba ko da ina fushi.

Ranar da muka kunna, kai! Na tsaya a bayan ma'aikacin da ke kan tebur, ya tura maɓalli, muryar mai gabatarwa ta fito kamar yana zaune a kafaɗarka. Har numfashinsa ana ji. Mutane suka riƙa bugo waya daga Jangebe, daga Damri, suna tambaya ko sabuwar tasha aka buɗe. Wani tsoho ya ce yau ya san mai karanta sanarwa yana da wushirya. Na koma gida ranar ina tafiya kamar ƙasar tawa ce. Kawu ya tare ni a bakin ƙofa, bai san me aka yi ba amma ya ga fuskata, ya ce, "Allah shi ƙara ma hannu albarka."

Ba mu daɗe muna wannan murna ba sai in'ina ta fara.

Wata safiya ma'aikacin safe ya kira ni. Wai tun da ya buɗe tasha sautin yake kakkatsewa, karatun buɗe tasha yana fita guntu-guntu, teburin kuma ya mutu a hannunsa, ya tura maɓalli ba abin da ke motsi. Na sa riga a bai-bai, na hau babur. Gidana yana can ƙarshen gari, ga masu kai yara makaranta, ga amalanke. Ko da na iso, komai lafiya lau, sauti na fita kamar ba a taɓa yin komai ba. Na duba kowace waya, na duba wuta, na duba agogon na'urori. Babu abin da na gani.

Washegari shiru. Jibi shiru. Sai kuma ta dawo. Haka abin ya riƙa yi, yau akwai gobe babu, kuma kullum da safe, kuma kullum kafin in iso ta warke. Na zargi inbata mai ba mu wuta daga batir, na canza batir ɗin. Na zargi sanyin safiya. Na zargi ma'aikacin safe, Allah ya yafe masa abin da bai yi ba, na tsare shi da tambayoyi har ya rantse mini da abin da zai kashe shi. Na sake matse kawunan wayoyin sitidiyo kaf, waɗanda na san lafiyarsu ƙalau. Abinci ya daina yi mini daɗi, maiɗakina ta ce ko magana ta yi mini sai in amsa mata da maganar waya.

Ma'aikata kuwa sun samu abin dariya. Su suka lura cewa da zarar mai karanta labaranmu ta shigo da hantsi, sai in'inar ta tsaya cak. Mace ce mai barkwanci, ta girme ni, muna ce mata Yaya. Suka ce ai albarka gare ta, na'urar ma ta san manya. Ita ma ta karɓe wasan. In ta gan ni sai ta ce, "Injiniya, ko in riƙa kwana nan ne? Ka ga da ni da karatunka an san wanda ke aiki." Ni dai sai dariyar yaƙe. Ni da na yi shekaru ina koyon abu, a ce maganinsa shigowar Yaya da jakarta!

Sai Manaja ya kira ni ofis. Azumi ya matso, masu ɗaukar nauyin tafsiri sun fara tambaya ko tasharmu za ta iya. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce, "In wannan abu ya kai mu ganin wata, zan sa a fito da tsohuwar miksa daga sito, in kira mutumin Kaduna. Kai kuma ka san sauran." Na san sauran. Da na fito, Kawu yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana gyara tsintsiya, ya ɗaure ta tsaf da zare. Ya ɗan yi ƙiba a 'yan watannin nan, har ya samu abokan hira cikin masu shayi na bakin titi. Na tuna barandar masallaci. Aiki ni zan iya samun wani, ko a Gusau ko a Sakkwato. Shi fa, ina zai koma?

Na yanke shawarar in daina bin in'inar a baya, in riga ta zuwa. Na fara yin sallar asuba a masallacin da ke kusa da tasha, in shiga ɗakin injuna in zauna gaban suwic tun kafin a buɗe. Safiyar farko ba abin da ya faru, ta biyu ma haka, sai sauro da suka ci rabonsu. A wata safiyar kuma, ina zaune ina kallon 'yan fitilun suwic suna ƙiftawa a hankali, kowace da lokacinta, sai kawai na ga dukkansu sun haukace, suna ƙyalli tare ba tsayawa. Ba a ma buɗe tasha ba, ma'aikacin safe bai iso ba. A ginin nan kaf daga ni sai mutum ɗaya, kuma ina jin ƙarar tsintsiyarsa daga ɗakin labarai.

Na tashi na leƙa. Kawu ne yake shara. Na kalli bango, sai na ga abin da ya hana ni barci makonni. Shuɗiyar wayar da Yaya take sa wa kwamfutarta ta hannu, kanta ɗaya yana cikin soket na farko kamar kullum, ɗaya kan kuma yana cikin soket na biyu, an lanƙwasa ta tsaf kamar mariƙin bokiti.

Nan komai ya faɗo mini. Ran da Yaya ta tashi a natse, takan naɗe wayarta ta jefa a aljihun tebur. Ran da ta tashi da gaggawa kuwa, sai ta zare ta daga kwamfuta ta yar da kan a ƙasa. Da asuba Kawu ya zo shara, ya ga kan waya a yashe, ga kuma rami daidai shi a bango, sai ya mayar. Soket biyun nan kuwa akwati ɗaya suke komawa. Saƙo ya fita ta wannan baki ya dawo ta wancan, suwic mara wayo ya ɗauka sabo ne ya sake turawa ko'ina, ya sake dawowa, ya sake turawa, kamar gulma a ƙaramar unguwa, har hanya ta cushe sauti ya rasa inda zai bi. Da hantsi Yaya ta zo, ta zare kan wayar daga bango ta sa a kwamfutarta ba tare da ta ko lura ba, sai hanya ta buɗe. Albarkar tata ke nan.

Wallahi jinina ya hau har na ji kunnuwana sun yi zafi. Da wani ne, da ranar unguwar ta ji muryata. Na buɗe baki, sai Kawu ya juyo ya gan ni, ya jingine tsintsiya.

"A'a, kai na da swahe haka? Ina kwana? An tashi lahiya?"

"Lafiya lau, Kawu. Ina kwana? Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya iyali? Ya ɗiyan?"

"Lafiya lau suke."

"Ya uwarsu? Ya aiki? Ya haƙuri da mu?"

Kafin mu kai ƙarshen gaisuwar nan rabin wutar ta mutu. Na je na zare kan wayar, na riƙe a hannu. Na ce, "Kawu, kai kake mayar da wannan?"

"Awo. Yashe nika ishe ta."

Na yi masa bayani yadda zan iya, na ce wannan ita ce take sa rediyo in'ina. Ya daɗe yana kallon wayar. Na ga fuskarsa ta canza, ya gane abin da ake ta fama da shi a gidan nan, ya kuma gane abin da Manaja ya kira ni a kai, domin a tasha ba a ɓoye magana. Na ce, "Kada ka gaya wa kowa. Ka bar mini, ni zan gyara." Ya ɗauki tsintsiyarsa ya ci gaba da shara.

Da mai neman sauƙi ne, da an gama: a hana Kawu taɓa waya, a liƙe soket da salatif, a yi shiru. Ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya. Yau Kawu ne, gobe baƙo ne mai neman cajin waya, jibi ɗan wani ma'aikaci. Tashar da hannu ɗaya zai iya kwantar da ita ba tare da mai hannun ya sani ba, ba a gama gina ta ba. Ba zan sa sunana a kan irin wannan aiki ba.

Ina da aboki a Bakura, tare muka yi karatu, yana da shagon haɗa kwamfutoci. Na tuna ya taɓa ce mini ya ciro wani suwic mai wayo daga wani ofis da aka rufe, yana nan ajiye ba mai nema. Na kama hanya da hantsi, lokacin da motoci suka yawaita, don a hanyoyinmu yanzu ba a sammako kuma ba a yamma. Ta gefen titi masu noman rani suna ta fama da shinkafa, ni kuwa ba abin da nake gani sai bakunan suwic. Abokina ya saurari labarin, ban faɗa masa ko wane ne ba, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ciro akwatin daga ƙarƙashin tebur, ya hure shi, ya ce, "Ɗauka ka je, ma yi magana." Na ɗaure shi a bayan babur cikin bargo kamar jariri.

Aikin da na yi a kwanakin nan shi ne wanda na fi alfahari da shi a rayuwata. Tsakanin rufe shirin rana da buɗe na yamma nake yi, tasha ba ta tsaya ko sau ɗaya don ni ba. Na raba cikin sabon suwic gida-gida: sauti da gidansa, tebur da injinsa da nasu, ɗakin labarai da nasu, ba mai leƙa gidan wani. Na ba saƙon agogo gaba a kan komai, sauti na bi masa, sauran su jira. Na naɗa na'ura ɗaya ta zama mai agogo, na naɗa mata mataimakiya ko da ta faɗi. Duk bakin da ba a amfani da shi na kashe shi. Waɗanda ke aiki kuma na koya musu cewa duk wanda ya ji saƙonsa ya dawo masa, ya rufe kansa nan take ya bar sauran su yi aiki. Tsohon suwic ɗin ma ban yar ba, na mayar da shi hanya ta biyu, sauti kaɗai ke binsa, da wayoyinsa daban ta wani gefen gini, in ɗaya ta yanke ɗaya ta riƙe. Na rubuta wa kowace waya inda ta fito da inda za ta, na kulle ɗakin injuna. Da na gama na gwada da kaina, na yi duk ɓarnar da na san mutum zai iya yi, sautin ko gezau.

Sai na zaɓi ranar Talata don in nuna wa Manaja. Da gangan na zaɓa. Ranar kasuwa ce, tasha cike take da mutanen ƙauyuka masu kawo sanarwa da cigiya, shirin kuma kai tsaye yake fita. In abin zai ba ni kunya, to ya ba ni a gaban kowa. Na kira shi ɗakin labarai, Yaya tana zaune, ma'aikata suka taru a ƙofa. Lasifikar baranda tana kawo abin da ke fita a iska, wata mata daga Damri tana cigiyar ƙanenta da ya fita neman aiki ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na ɗaga shuɗiyar wayar na yi bayani, ga abin da yake faruwa, ga dalilin da ya sa zuwan Yaya yake warkar da shi. Yaya ta riƙe haɓa ta ce, "Au! Ashe ba albarka ba ce? Injiniya, ka rage mini daraja." Aka yi dariya. Manaja bai yi ba.

"Wa yake mayar da ita bango?"

"Yallaɓai, ko wa ye, yanzu ba abin da za ta yi. Bari ka gani."

"Na ji. Wa yake mayar da ita?"

"Hannu ne kawai, Yallaɓai. Kowa zai iya yi."

"Tambayarka na yi."

Ƙarya ba zan yi masa ba, sunan kuma ko za a yanka ni ba zan faɗa ba. Ɗakin ya yi tsit, sai muryar matar nan tana kwatanta tabon da ke goshin ƙanenta. Sai na ji an yi sallama daga baya. Ma'aikata suka dare, Kawu ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya shigo, ya durƙusa kaɗan.

"Ranka shi daɗe, ni na. Yaron ga ba shi da laihi. Ya hana ni hwaɗi, amma ba ni iya barin a tuhume shi ina tsaye."

Duk aikin da na yi, duk zuwa Bakura, ga shi tsohon nan ya zo ya miƙa wuyansa da kansa. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya kama ni, na rasa wanda zan bi.

Manaja ya ce, "Baba, shara aka sa ka. Me ya kai ka taɓa abin da ba ka sani ba?"

Kawu ya amsa, idonsa a ƙasa.

"Mu can ruga muna da dangwali, igiya doguwa da aka ɗaure maruƙa. Kowane maraƙi da bakin igiyatai. Da swahe in ka hito, ita kaka hwara dubawa. In ka ga baki guda yashe ƙasa, to wani ya tahi. Tun ina yaro haka anka koya man, ba a wuce bakin igiya yashe." Ya ci gaba da cewa, "Ran da nik koma rugarmu bayan ɓarayin daji sun wuce, ban ishe komi ba sai dangwali. Tun daga wanga kai hab wancan, duk bakunan yashe. Nit tsaya ina kallo, ba abin da nika ɗaurewa. Shi na, in nig ga wagga ƙasa, hannuna ba shi bari."

Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar. Watanni muna tare, sai a gaban baƙi ya faɗe shi, don ya wanke ni. Yaya ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska. Manaja ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya juyo gare ni.

"Ka ce yanzu ba abin da za ta yi?"

"Ko kaɗan, Yallaɓai. Na tsaya a kan aikina."

"To ba shi."

Na miƙa wa Kawu kan wayar. Ya karɓa da hannu biyu, ya dube ni.

"In maida ta?"

"Mayar da ita, Kawu."

Ya goge kan da bakin rigarsa, ya yi bisimilla, ya tura shi cikin soket har ya yi ƙas. Kowa ya kasa kunne. Matar Damri ta ci gaba da maganarta, kalma bayan kalma, tana roƙon duk wanda ya ga ƙanenta ya taimaka don Allah, ba harafi ɗaya da ya faɗi. Ta tagar sitidiyo na hango ma'aikaci ya ja maɓallinta ƙasa a hankali, ya tura na mai gabatarwa sama, teburin ya bi hannunsa. Ban san lokacin da na ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi ba, har na baranda suka waigo.

Manaja ya tsaya ya saurara har aka shiga sanarwa ta gaba. Sai ya dafa kafaɗata sau ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Ya juya ga Kawu ya ce, "Baba, a da na ce ban san ka ba. Yanzu na san ka. Ɗakin nan naka ne, ko wannan mai zafin kan yana nan ko ba ya nan."

Kawu bai yi godiya mai tsawo ba. Ya ce, "Allah shi saka da alheri," ya ja da baya ya sa takalmansa. Ni na kasa tsayawa a ɗakin, na bi shi waje kamar ina da abin yi a can. Na same shi ya zauna a ƙofar ɗakinsa, hannuwansa biyu a kan gwiwa. Na tsuguna a gabansa. Shi ya riga ni magana.

"Gobe in an samu mai zuwa Maradun," ya ce, "ka sa a hwaɗa ma ɗiyana na samu wurin zama. Wanda duk ka son ganina, ya san inda za shi ishe ni."